Gauraki a Fadamar da Aka Bari

Na yi shekara ashirin da wani abu ina tuƙin motar haya tsakanin Gusau da Tsafe, wani lokaci in juya hanyar Bungudu idan layi ya yi tsawo a tasha. A cikin wannan tuƙin ne na san mutumin da ya koya mini kallon tsuntsaye. Dattijo ne, tsohon ma'aikacin gandun daji da ya ajiye aiki. A Gusau yake zaune, amma asalinsa mutumin ƙasar Bungudu ne, daga wani ɗan ƙauye a bayan Kekun Waje. Baba kowa yake ce masa a tasha, ni ma abin da na kira shi ke nan har ya bar duniya.

Ranar da ya fara shiga motata lokacin ɗari ne, da sassafe, kowa ya dunƙule cikin mayafi. Ya zauna gaba da wata jakar fata a kan cinyarsa. Mun kusa Tsafe, daidai wani tafki da ke gefen hanya, sai ya taɓa hannuna.

"Direba, don Allah ɗan tsaya."

Na ɗauka kama ruwa zai yi. Sai na ga ya fita, ya zaro madubin hangen nesa daga jakar, ya tsaya bakin kwalta yana duban tafkin. Wata Hajiya mai buhunan gyaɗa ta fara faɗa daga baya, ta ce ita kasuwa za ta, ba kallon ruwa ya fito da ita ba. Na danna ham. Ya dawo ya leƙo ta taga, ya ba kowa haƙuri.

"Ku tafi, ni nan zan sauka. Sun iso."

"Su wa, Baba?"

"Baƙin ɗari. In ka sauke mutane ka juyo, ka tsaya in nuna maka."

Ban yi niyyar tsayawa ba. Amma da na juyo da fasinja biyu kacal, na hango shi zaune kan wani dutse a inda na bar shi, sai na taka birki. Ya miƙo mini madubin, ya nuna mini yadda ake murza shi. Abin da nake wucewa kullum ina ganin ɗigo-ɗigo a kan ruwa sai ga shi a gabana kamar in kai hannu. Ƙananan agwagi ne masu farin zane a saman ido. A gefensu wasu tsuntsaye fari da baƙi, ƙafafunsu jajaye dogaye kamar tsinke. Can wajen da shanu ke shan ruwa, wani ɗan mitsitsi mai rawayan ciki yana bin sawunsu yana kaɗa wutsiya. Baba ya ce da yawansu ba 'yan ƙasar nan ba ne. Teku suke tsallakowa da hamada, su yi mana wata uku ko huɗu, su koma kafin ruwa ya sauka. Ban yarda ba a ranar. Sai bayan shekara biyu, da wani masunci a Bungudu ya kawo mana mushen tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa, da rubutun boko na wata ƙasa a jiki, sannan na daina musu a zuciyata.

Daga nan abin ya kama ni. Duk ranar da ban fita aiki ba, da ɗari ya shigo, sai in ɗauko Baba mu nufi fadamun Bungudu, ko tafkunan wajen 'Yankuzo, ko mu bi hanyar Bilbis mu ajiye mota gindin tsamiya mu taka. Yana da wani littafi mai baƙin bango da yake rubuta rana da wuri da abin da muka gani. Da yake yawancin baƙin nan ba mu san musu suna da Hausa ba, shi yake raɗa musu: mai farar gira, ɗan rakiyar shanu, mai bakin lauje. Daga baya wani malamin makaranta da wani tela suka shigo cikinmu, muka zama huɗu. A tasha kuwa direban tsuntsaye ake ce mini. Tun ana yi da tsiya har ya zama idan direba ya ga wani baƙon tsuntsu a hanya, ni yake nema ya faɗa wa, ni kuma in kai wa Baba.

Akwai guda ɗaya da ba ya cikin littafin, kuma shi Baba ya fi nema. Gauraka. Ya ce suna yara garke-garke suke sauka a fadamar garinsu da ɗari, kukansu yake tashin mutane da asuba. Kafin ya gama aiki sun ƙare. An kama wasu an kai gidajen masu hali ana ado da su, an harbe wasu, sauran kuma noma ya cinye musu wurin zama. Ni ban taɓa ganin gauraka a daji ba. Sau ɗaya na gan shi a tsakar gidan wani mai kuɗi da na kai wa kaya, an yanke masa fiffike, yana tsaye kusa da injin wuta.

"Wannan ba gauraka ka gani ba," in ji Baba da na ba shi labari. "Fursuna ka gani."

Sai ɓarayin daji suka zo, wuraren suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Da farko mun daina nisa da kwalta. Sannan muka daina zuwa wajen 'Yankuzo. Sannan hanyar Bilbis ta zama ba a binta sai dole, kuma sai rana ta ɗaga. Ni kaina na sha juyowa da fasinja daga rabin hanya idan na ga babu motar da ke tahowa ta gabana. Malamin makarantar nan ya kwashe iyalinsa ya bar jihar. Telan ya ce shi yana da 'ya'ya ƙanana, kuma a wannan zamani duk wanda aka gani da madubin hange a bakin daji, mai kai wa ɓarayi rahoto za a ce da shi. Gaskiya ya faɗa, ba mu yi masa gardama ba. Muka koma mu biyu, kuma ba mu da wurin zuwa sai bakin gulbi a cikin Gusau, inda ake wankin mota da zubar da shara. Nan ma mukan ga balbela da zalɓe, wani lokaci baƙo ɗaya ko biyu. Baba yakan rubuta, amma shekara guda ba ta cika shafi.

Jikinsa ma ya fara gazawa. Yanar ido ta rufe masa idon hagu, na dama yana gani amma ba kamar da ba. Ƙafafunsa suna kumbura. Sai na riƙa riƙe masa hannu idan za mu gangara gulbi.

Yana da ƙanwa a ƙauyensu, tsohuwa, mijinta ya daɗe da rasuwa, da 'ya'yanta maza biyu magidanta da ke noman shinkafa da albasa a fadama. Wata kaka, suna cikin yankan shinkafa, ɓarayi suka fito musu. Babban ya tsira ta cikin rafi. Ƙaramin aka harbe shi a nan cikin gona. Labari ya iso Gusau da azahar. Baba ya kira ni ya ce ko zan kai shi ta'aziyya. Na ce masa hanyar ba ta biyuwa, a bari ƙura ta lafa. Matarsa Hajiya ma ta ce haka, 'ya'yansa ma suka ce haka. Ya yi gaisuwa ta waya, ya aika da buhun gero ta hannun wani mai babur. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, ba mu je ba. Kullum sai mu ce wata mai zuwa.

Shekara ta zagayo da 'yan watanni. Ɗari ya shigo sosai. Wata safiya ina kan layi a tasha sai ga kiran Baba, ya ce in zo gida yanzu idan da hali. Na tarar da shi a zaure, ya riga ya sa babbar riga da hula, jakar fatar nan a gefensa. Ya ce ɗan ƙanwarsa, babban da ya tsira, shi ya kira shi. Ya sake kiransa a gabana ya buɗe murya don in ji da kunnena.

"Kawu, gauraki na, ban da shakka. Na san su, tun ina yaro ka nuna min hotonsu. Yau kwana biyar ke nan da sunka sabka ga fadamarmu. Bakwai na ƙirga."

"Hanya fa?" in ji Baba.

"Kwana biyun ga shiru. In kun taho da hantsi kun koma kafin la'asar, in Allah ya so ba komi."

Hajiya tana tsaye bakin ƙofar cikin gida tana ji. Ta ce, "Malam, da wannan ƙafar taka? In an biyo ku, gudu za ka yi?" Baba ni ya kalla. Na san abin da ya kamata in ce, shi ne abin da na ce wancan karon. Amma ni ma ina son in gani. Na ce bari in sha mai.

Mun bar kwalta muka kama burji. Ban taɓa tuƙi da irin wannan tsoron ba. Gonaki dama da hagu duk ciyawa ta rufe su, wasu ma karan bara ne a tsaye ba a sare ba. Mun wuce ƙauye biyu babu hayaƙi, babu ko akuya. Baba sai tasbihi yake ja.

A bakin ƙauyen an gicciya itace a hanya. Samari biyar ko shida suna tsaye da bindigogin toka da adduna, masu gadin gari ne. Suka ce mu fito. Suka buɗe but, suka ɗaga kujeru. Babbansu, wani mai tabo a goshi, ya buɗe jakar Baba ya fito da madubin. Nan take fuskokinsu suka canja.

"Wannan fa, tsoho? Mi kaka hange da shi?"

"Tsuntsaye, ɗana."

Wani a cikinsu ya yi dariya, amma ba ta daɗi ba. Wani ya matso kusa da ni har ina jin warin albarushi a rigarsa. Baba ya faɗi sunan mahaifinsa da unguwarsu, babu wanda ya san su, duk yara ne. Allah ya taimake mu ɗan ƙanwar tasa ya iso a kan keke. Ya ce kawunsa ne, shi ya kira shi. Mai tabon ya daɗe yana juya madubin a hannu, sannan ya ce za mu wuce, amma madubi nan zai tsaya, mu karɓa in za mu fita.

Ɗan ƙanwar Baba mutum ne mai kimanin shekara arba'in da biyar, amma ya zube, haƙarƙarinsa ana gani ta wuyan riga. Ya ce mu fara zuwa fadama kafin rana ta yi, daga baya ma shiga gida. Muka ajiye mota bayan masallaci muka taka. Tafiyar ba ta da nisa, amma da Baba mun yi rabin awa, ni a hannun damansa, shi a na hagu. Idanun ɗan ƙanwar kullum suna wajen duhuwar da ke ƙetaren rafi.

Kukan muka fara ji, mai kauri, kamar ana busa ƙaho a cikin tulu. Baba ya tsaya cak. Muka hau wani ɗan tudu mai giginya, sai ga su ƙasa, kusa ƙwarai, ba mu bukatar madubi. Bakwai ɗin ne. Dogaye, jikinsu baƙi-baƙi, fiffikensu da fari, kumatunsu fari da ja, a kansu tukku ruwan zinare a baje kamar bakin sabuwar tsintsiya. Suna tafiya a hankali suna tsince-tsince. Biyu suka ware gefe, suka buɗe fiffike, suna tsalle suna sunkuya wa juna. Bayansu kan ruwa agwagi ne ba iyaka, da kirinjijiya, da dinya, da baƙin ɗari irin waɗanda muka yi shekaru ba mu gani ba, har da waɗanda ban taɓa gani ba sam. Ban san akwai sauran wuri irin wannan a ƙasarmu ba.

Baba ya rufe idon hagu da tafin hannu yana duba da na dama. Ya ce, "Su ne. Wallahi su ne." Hawaye yana bin gemunsa. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na manta da hanya, na manta da samarin nan, na manta da komai.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, "Me ya dawo da su bayan shekarun nan duka? Me suke ci a nan?"

"Shinkafarmu ta, Kawu," in ji ɗan ƙanwarsa. "Wadda ba mu ƙare yanka ba. Ta zube, ta yi gyauro, ta sake zubewa. Ba mai shiga. Ko yara ba su zuwa kamun kifi." Ya nuna da haɓa. "Ka ga inda biyun can ka rawa? Nan anka harbe shi. Nan munka ɗauko shi da marece."

Bai faɗa da fushi ba. Kamar mai nuna iyakar gona ya faɗa. Baba ya sauke hannunsa daga ido. Na ciro littafin daga jaka da biro na miƙa masa, don haka muka saba, kafin a bar wuri sai an rubuta. Ya karɓa, ya buɗe, ya riƙe biron a kan takarda. Sannan ya rufe ya mayar mini.

"Mu je gida," in ji shi.

Gidan ƙanwarsa rabin ɗakunan a rufe suke. Matar marigayin ta koma gidan iyayenta da 'ya'ya uku, ta bar biyu. Tsohuwar tana zaune a rana kan tabarma, ta lulluɓa da zane biyu, tana ɓarar gyaɗa a ƙwarya. Da muka yi sallama ta ɗaga kai, ta daɗe tana dubansa.

"Yaya, kai na?"

"Ni ne."

"Sannu da zuwa. Ashe hanya ta buɗe."

Baba ya durƙusa da ƙyar a bakin tabarmar. Ya fara yi mata gaisuwar da ya kamata ya yi wata goma sha huɗu da suka wuce, ya ce ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta. Ta amsa duka, amin, amin, haƙuri sai ma'aiki. Ta sa jikarta ta kawo mana ruwa da ɗan ɗumamen tuwo, ta ba da haƙuri babu miya mai kyau. Sannan ta ce, "Ka gane su? Sun ce min tsuntsayen ga da kaka so sun zo. Ni ce na ce a kira ka. Na ce in ba don su ba, har in mutu ba ni ganin ka."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ta tambayi Hajiya, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da jikoki. Baba yana amsawa kansa a ƙasa. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona, domin ni ne na ce hanya ba ta biyuwa, kuma ni ne na biyo ta yau. Na ci loma biyu don kada a ce na raina.

Baba ya ce mata ta shirya mu tafi da ita Gusau, akwai ɗaki. Ta ce a'a. Ta ce mijinta yana nan, ɗanta yana nan, ita ba ta ga inda za ta ba. Ya roƙe ta har sau uku. Da azahar ta yi ɗan ƙanwar ya ce gara mu kama hanya. Ta ƙulla gyaɗar da ta ɓare a leda ta ce a kai wa Hajiya.

A bakin gari mai tabon ya miƙo madubin. Kafin Baba ya karɓa sai ya ce, da muryar da ba irin ta ɗazu ba, "Baba, mun gwada shi. Daga kan kukar can ana ganin har bakin duhuwa. Da muna da irinai, da mun riƙa ganin su tun suna nesa, mata su samu su fita." Baba ya dubi madubin. Tun yana aiki yake tare da shi, fatar jikinsa duk ta goge inda yatsunsa ke kamawa. Ya nuna wa saurayin yadda ake murza shi, ya ce kada a bar shi a rana, kada a goge gilashin da bakin riga. Sannan ya shiga mota.

Muka hau kwalta muka kama hanyar gida. Sai da muka hango fitilun shiga Gusau, ko da yake rana ba ta faɗi ba, sannan Baba ya ce, "Shekara talatin ina roƙon Allah ya nuna mini su kafin in mutu. Ban taɓa tambayar kaina me zai faru kafin su dawo ba." Na ce masa ba laifinsa ba ne, ba shi ya kawo ɓarayi ba. Ya ce ya sani. Ya ce ba wannan yake nufi ba.

Bai sake fita kallo ba. Na je sau biyu ko uku na ce mu gangara gulbi, ya ce ƙafa. Da na ga wani baƙon tsuntsu a hanyar Tsafe na zo na kwatanta masa, ya saurara, ya faɗa mini ko wane ne, shi ke nan. Abin da ya koma yi shi ne kiran ƙanwarsa a waya duk bayan kwana biyu, idan an samu sabis, a kai mata wayar su gaisa. Hirar ba ta wuce minti uku. Ya jiki, ya sanyi, me aka ci.

Kafin damina ta sauka aka tashi ƙauyen. Ba a kashe kowa ba a ranar, saƙo aka aiko musu cewa su bar garin, suka bari. Ɗan ƙanwar ya kira ni daga bakin kwalta, na je na kwaso su. Mutum goma sha ɗaya na zuba a motar da ke ɗaukar shida, da tabarmi da tukwane a but. Tsohuwar ce a gaba, inda yayanta ya saba zama. A kan jaki aka fito da ita. Ba ta yi kuka ba, ba ta waiwaya ba, ta dai tambaye ni ko Gusau akwai nisa, domin rabonta da zuwa tun tana amarya. Na tambayi ɗan nata labarin samarin masu gadi. Ya ce sun watse, wasu Bungudu, wasu ba a san inda suka yi ba. Madubin kuma bai san a hannun wa yake ba yanzu.

Ta yi wata biyu a gidan Baba ta rasu. Shi ya yi mata salla, a zaune. Shi ma bai ga wani ɗarin ba, ya bi ta bayan ƙaramar salla. Hajiya ta aiko mini da jakar fatar da littafin a ciki, suna nan a cikin akwatina.

Kwanan baya, da ɗarin bana, na haɗu da ɗan ƙanwar tasa a wata unguwa a bayan tasha. Yana tura kurar ruwa, jarka goma, ƙafarsa duk faso. Shi da iyalinsa suna zaune a wani kango da mai shi ya ba su aro har ya tashi yin rufi. Na tsayar da mota muka gaisa. Na tambaye shi ko akwai labarin gida.

Ya ce wani maƙwabcinsu ya saci jiki ya je ɗauko kwanon rufinsa. "Ya ce ɗakuna sun fara faɗuwa. Gaurakin kau sun fi ashirin yanzu. Ya ce har cikin gari suke shigowa, ya iske biyu tsakar gidanmu, wurin turmi."

Na ce Allah ya mayar da su gida lafiya. Ya ce amin, amma shi ba ya jin zai ga ranar, yaran dai ko Allah ya sa. Na ce ya zo in rage masa hanya, sai muka dubi kurar tare, ya ɗan yi murmushi. Wata mata ta leƙo daga wani gida ta ce mai ruwa, jarka biyu. Ya ce mini sai an jima, ya sa ƙirji ya tura.